INJI LAFIYA LAU, AMMA AIKI YA TSAYA: ABIN DA KE DAMUN MASU SHAGUNAN BUGA TAKARDU A AGYARAGU

Duk wanda ya taɓa sayen doya a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko a Bodija ta Badun, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Agyaragu ba. Garin yana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, ta nufi Makurɗi, kuma 'yar tafiya ce kaɗan tsakaninsa da Lafiya. Migili da Eggon da Alago da Tibi da Hausawa duk suna haɗuwa a kasuwarsa, manyan motoci kuwa suna lodin doya daga nan zuwa Kurmi.

To, amma ba doya kaɗai ke tafiya a wannan hanya ba. In mota ta sauke kaya a Kudu, sau da yawa takan komo da saƙo. A cikin saƙon da 'yan'uwa mazauna Kudu suka fi aikawa gida a 'yan shekarun nan akwai kwamfuta ta hannu, da injin buga takardu wanda ake kira firinta, da na'urar ɗaukar hoton takarda wadda ake kira sikana. Mutum ya yi shekaru yana tara kwabo da kwabo, sai ya shiga Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba, ya saya wa ƙanensa kayan buɗe shago, don shi ma ya tsaya da ƙafarsa, ya rage masa nauyin gida.

Yanzu kuwa wata matsala ta kunno kai a wannan sana'a, wadda ya kamata duk mai niyyar aika irin wannan saƙo ya fahimce ta tun kafin ya zaro kuɗinsa. Inji ne za a gan shi lafiya lau, fitilarsa na ci, tawadarsa cike, ba abin da ya karye a jikinsa, amma da zarar an haɗa shi da sabuwar kwamfuta sai ya yi kunnen uwar shegu. A danna, shiru. A sake wayar, shiru. Ga mutane a layi, ga janareta yana shan mai, aiki kuwa ya tsaya cik.

SHAGON DA YA ZAMA ƘOFAR GWAMNATI

Kafin a shiga bayanin ciwon, ya kyautu mai karatu ya tuna da irin matsayin da waɗannan 'yan shaguna suka samu. A da can, in talaka yana da magana da hukuma, wurin mai rubuta wasiƙa yake zuwa a gindin bishiya, kusa da kotu ko gidan waya, a buga masa da tafireta. Makarantu kuwa da injin Gestetner suke juya takardun jarrabawa. Yau duk wannan aiki ya koma shagon kwamfuta, har ma da ƙari.

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, daga 2021 kuma ta wajabta lambar ɗan ƙasa, watau NIN. Gaskiya ne rajistar kanta a cibiyoyin da hukumar ta amince da su ake yi, amma takardar da ke nuna ranar jarrabawa da wurinta, da takardar sakamako, da ta samun gurbi, a shago ake buga su. Haka mai neman aikin soja ko na 'yan sanda, da mai jiran takardar kiran bautar ƙasa, da ɗalibin da ke neman bashin karatu na NELFUND wanda aka buɗe a watan Mayu na 2024. A wannan shekarar ce kuma aka umurci masu sana'ar POS su yi rajista da hukumar CAC, rajistar da ke bukatar hoton katin shaida da na sa hannu. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, mazauninta na dindindin yana kan wannan hanya ta Makurɗi. Ban da haka akwai yarjejeniyar sayen gona, da rasit na fataken doya, da katin ɗaurin aure, da takardun taron coci da na masallaci.

Kusan duk waɗannan takardu suna da wa'adi. In an ce za a rufe karɓar takardu ran Juma'a da ƙarfe goma sha biyu na dare, na'urar hukuma ba ta sauraron uzuri. Sabo da haka in sikana ta ƙi aiki a makon rufewa, asarar ba ta mai shago kaɗai ba ce. Yaron da ya taso daga ƙauye a kan babur sai ya ƙara kuɗin mota zuwa Lafiya, in kuwa babu a aljihu, to, wata rana shekara guda ce ta tafi.

WANE NE WANNAN DIREBA?

Masu gyaran kwamfuta in sun duba irin wannan inji, amsar da sukan bayar ita ce babu direba. Mutanen Agyaragu sun san direba, tun da shi ke kai doyarsu Ikko, amma wannan wani direba ne dabam. 'Yar manhaja ce ƙarama wadda kamfanin da ya ƙera injin yake rubutawa, kuma in za a kwatanta aikinta da wani abu, to, tafinta ce.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ita ce uwar gida, ita ke sarrafa kome da kome a ciki. Wadda aka fi amfani da ita a shagunan ƙasar nan ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Firinta kuwa da sikana, kowane kamfani da harshen da ya koya wa nasa. Idan aka ce a buga takarda, uwar gida takan faɗa wa tafinta, tafinta ya juya maganar zuwa harshen da injin yake ji. Kamar dai Bahaushen da ya sauka Anacha ba ya jin Ibo, mai kaya kuma ba ya jin Hausa. In akwai wanda ke tsakani, ciniki ya faɗa. In babu, sai kallon kallo, ko da kuwa ga kuɗi ga kaya.

To, inda gizo ke saƙa shi ne, tafintan da aka horar don tsohuwar uwar gida ba lalle ne sabuwa ta karɓe shi ba. Sai kamfanin injin ya zauna ya rubuta sabo. Shi kuwa kamfani, injin da ya sayar shekara goma sha biyar da suka wuce ya riga ya ci ribarsa. Biyan ma'aikata su rubuta masa sabon direba ba zai kawo masa ko sisi ba, alhali in mai injin ya gaji ya sayi sabo, ciniki ne ya samu.

Ƙananan injuna masu araha sun fi shiga wannan tarko. Irin su HP LaserJet 1020 da Canon LBP2900, waɗanda suka yi suna a shagunan Nijeriya sabo da juriya da sauƙin samun tawadarsu, an ƙera su ne da ƙaramar ƙwaƙwalwa, kwamfuta ce ke yi musu dukan tunanin shirya shafi ta hannun direba. Wannan shi ya sa suka yi araha, shi ne kuma ya sa rayuwarsu ta rataya a wuyan direba gaba ɗaya. Manyan injunan ofis kuwa suna jin harsunan da kamfanoni da yawa suka yi tarayya a kansu, irin su PCL da PostScript, don haka ko nasu tafintan ya ɓace, akan sami na aro.

YADDA AKA SAUYA UWAR GIDA

Ba yau aka fara wannan kuka ba. Lokacin da Windows Vista ta fito a 2007, mutane da yawa a duniya sun tarar da injunansu sun daina aiki. An janye tallafi daga Windows XP ran 8 ga Afrilu 2014, daga Windows 7 kuma ran 14 ga Janairu 2020. Kowane karo akan bar wasu injuna a baya.

Amma na wannan karo ya fi tsanani. Windows 11 ta fito ran 5 ga Oktoba 2021 da sharuɗɗa masu wuya. Dole kwamfuta ta kasance da wani ɗan makullin tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai ƙwaƙwalwa ta ƙarni na takwas zuwa sama, wadda ta fara fitowa a 2017. Watau ke nan, yawancin kwamfutocin da suka girmi wannan shekara an rufe musu ƙofa. Har ila yau Windows 11 iri ɗaya ce tak, mai 64-bit, alhali Windows 10 tana da mai 32-bit. Akwai tsofaffin sikanoni da yawa waɗanda direban 32-bit kaɗai aka taɓa rubuta musu, irin wannan direba kuwa ba ya hawa mai 64 ko ta ƙaƙa.

Daga nan sai ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafin kyauta daga Windows 10, bayan ta yi shekara goma tana aiki. Kwamfutar ba ta mutuwa don wannan, za ta ci gaba da kunnuwa, amma ba a ƙara toshe mata ƙofofin da ɓarayin intanet suke ganowa, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Ga masu amfanin gida kamfanin ya ba da shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ko dai a biya Dala 30, ko a yarda a haɗa saitin kwamfutar da asusun Microsoft.

Nan ne mai shago ya shiga tsaka mai wuya. In ya zauna kan tsohuwar manhaja, yana ɗauke da lambobin NIN da hotunan takardun jama'a a cikin ɗakin da ba a gyara ƙyaurensa. In ya koma sabuwa, yana iya rasa sikana ko firinta. Gaba damisa, baya siyaki.

HUJJAR KAMFANI

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Microsoft yana da tasa hujja. Direba ba baƙo ba ne da ke tsayawa a zaure, har ɗakin uwar gida yake shiga, don haka in yana da rauni, ɓarawo ya sami hanya. Ƙwayar cutar nan Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta ɓata injunan nukiliya na Iran, ɗaya daga hanyoyin da ta bi ita ce sashen buga takardu na Windows. A tsakiyar 2021 kuma aka gano wata ɓaraka a wannan sashe, wadda aka laƙaba wa suna PrintNightmare, har sai da kamfanin ya fitar da gyaran gaggawa.

Sabo da haka a watan Satumba na 2023 Microsoft ya ba da sanarwa cewa zai daina ɗaukar nauyin rarraba direbobin firinta na wasu kamfanoni, sannu a hankali. Jadawalin da ya fitar ya nuna daga 15 ga Janairu 2026 ba a ƙara shigar da sababbin direbobi cikin rumbun sabuntawa na Windows 11, daga 1 ga Yuli 2026 Windows ta riƙa fifita direban kamfanin na bai ɗaya, daga 1 ga Yuli 2027 kuma ba sauran sabuntawa sai ta tsaro. Direbobin da ke hannu ba a kashe su ba, kuma kamfanin inji yana iya ci gaba da ajiye nasa a shafinsa. Amma an nuna inda aka dosa.

Abin da ake so shi ne dukan injuna su koma jin harshe guda, kamar yadda Hausa take a kasuwar Agyaragu, kowace ƙabila ta zo da ita ake ciniki, ba a bukatar tafinta. Wannan harshe shi ake kira IPP, na sikana kuma eSCL. Kamfanonin Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa ƙungiyar Mopria a 2013 don tabbatar da injunan da ke jin sa, Apple kuwa tun 2010 yake da irin nasa mai suna AirPrint. Shawara ce mai kyau ga mai sayen sabon inji. Sai dai yawancin injunan da aka ƙera kafin a yi wannan yarjejeniya ba sa jin harshen, kuma ba a koya wa tsohon inji sabon baki.

Akwai ma wani maɓalli da ya zo da Windows 11 ta ƙarshen 2024, wadda ake kira 24H2, mai suna Windows Protected Print. Wanda ya kunna shi bisa rashin sani, kwamfutar za ta sallami dukan direbobin wasu kamfanoni, ta bar injunan da ke da shaidar Mopria kaɗai. Mai tsohuwar firinta ya yi nesa da shi.

Sabon tsarin ma bai zo ba tare da tuntuɓe ba. A ƙarshen 2023 wata tangarɗa ta sa kwamfutoci da yawa suka sake wa firintocinsu suna zuwa HP LaserJet, ko da kuwa na wani kamfani ne. A ƙarshen 2024 Microsoft ya amsa cewa 24H2 ba ta ganin wasu sikanoni masu eSCL da ake haɗawa da wayar USB, sai a watan Disamba aka gyara. A farkon 2025 kuma wata sabuntawa ta sa wasu firintoci suna fitar da shafukan rubutu marasa ma'ana da kansu, aka gyara a watan Maris. A babban ofis wannan abin dariya ne na kwana biyu. Ga wanda yake ƙidaya fallen takarda ɗai-ɗai, yana sayen mai kwalba-kwalba, asara ce.

ME YA SA ABIN YA FI CIWO A NAN?

Bature in injinsa ya daina jin kira, sai ya sayi wani. Tsohon kuwa ina yake zuwa? Sau da yawa cikin kwantena, ko a cusa shi cikin motar gwanjo, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da cibiyar Yarjejeniyar Basel ta Afirka da ke Badun ya nuna cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu kowace shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci wajen miliyan 240 ne za su iya zama bola a duniya sabo da janye tallafin Windows 10. Ba sai an yi duba ba kafin a san cewa wasu daga cikinsu hanyar Afirka za su kama, da firintocinsu da sikanoninsu, a farashi mai jan hankali.

Ga kuma halin da aljihu yake ciki. An janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni aka saki Naira, Dalar da take wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Ba a ƙera firinta ko sikana a ƙasar nan, don haka farashinsu bin Dala yake yi. Mai shagon da ke karɓar 'yan kuɗi kaɗan a kan kowane shafi, shafi nawa zai buga kafin ya haɗa kuɗin sabon inji? Ko Dala 30 ɗin nan ta ƙarin wa'adi, a canjin Naira 1,500, Naira 45,000 ke nan.

Tafireta in ta lalace, mai gyara yakan buɗe ta ya ga abin da ya karye, in babu irinsa ya ƙera. Har yau ma makanikan firinta suna sake abin jan takarda, suna ɗura hodar tawada a tsohon gwangwani, inji ya ƙara shekaru. Amma direba ba ƙarfe ba ne da za a kai maƙera. Sirrin rubutunsa yana kulle a hannun kamfani, a Amurka ko Japan. Mutum ya sayi inji da kuɗinsa, amma linzamin yana hannun wani.

Wannan takaici shi ya taɓa haifar da babban al'amari. Wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, akwai wani masanin kwamfuta mai suna Richard Stallman. Kamfanin Xerox ya ba ɗakin bincikensu sabuwar firinta, takarda takan maƙale a cikinta ba wanda ya sani. Ya nemi asalin rubutun manhajarta don ya gyara yadda za ta riƙa ba da sanarwa, kamar yadda ya yi wa tsohuwar, aka hana shi sabo da yarjejeniyar sirri. Wannan yana cikin abubuwan da suka sa a 1983 ya ƙaddamar da shirin GNU, na manhajar da kowa ke da ikon dubawa da gyarawa, wanda daga baya ya haɗu da Linux ta Linus Torvalds, mutumin Finland, a farkon shekarun 1990. Ashe ɓacin ran da ke damun mai shago a Agyaragu ya haura shekara arba'in a duniya.

SHAWARA GA MAI AIKA SAƘO GIDA

Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin yana hannun wanda ke tsaye a kasuwar Ikeja ko Alaba da kuɗi a aljihu. A da tambaya ɗaya ake yi, shin yana aiki? Yanzu sai an ƙara ta biyu, da wace kwamfuta yake aiki?

Da farko, a karanta lambar injin da ke jikinsa, a shiga shafin kamfanin da waya, a duba ko akwai direbansa na Windows 11. In an ga shaidar Mopria ko AirPrint a bayaninsa, to, ya fi kwanciyar hankali. Kada a yarda da gwajin da mai kaya zai yi da tasa tsohuwar kwamfutar. A sa ya gwada da ainihin kwamfutar da za a aika tare da injin, a buga shafi, a kuma ɗauki hoton takarda, domin injin da ya haɗa aiki biyu yakan yi bugu ya ƙi ɗaukar hoto, tun da kowane aiki da direbansa. In kuɗi sun kai, tsohon injin ofis mai jin PCL, mai kafar wayar sadarwa a bayansa, ya fi ƙaramin na gida tsawon rai.

Ita ma kwamfutar a bincike ta. In an ga Windows 11 a kan wadda ta girmi 2017, mai yiwuwa ta bayan gida aka shigar da ita, Microsoft kuwa ya ce bai ɗauki alkawarin sabunta irin wannan ba. Akwai kuma sababbin kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Snapdragon, waɗanda direbobin da aka rubuta don Intel ba sa hawansu sam.

Shi kuma mai shago a gida, akwai dabarun da za su rage masa zafi. Ya ajiye direbobin injunansa a filashi guda biyu tun suna samuwa, don kamfanoni sukan share na tsofaffin kaya daga shafukansu. Kada ya sake babbar manhaja a lokacin JAMB ko na ɗaukar ma'aikata. Windows tana ba da damar dakatar da sabuntawa har mako biyar, wanda ya hau sabuwa kuma ya ga ba daɗi yana da kwana goma na komawa baya. In sikanar ta ƙi sabuwar kwamfuta, ba dole ne a yar da ita ba. A ware mata tsohuwar kwamfuta, a cire wannan daga intanet ƙwaf, a riƙa kwaso hotunan da filashin da ake tsabtacewa. Ya kuma guji shafukan da ke alkawarin direba kyauta na kowane inji, da yawansu tarkon ƙwayoyin cuta ne, shagon da ke riƙe da takardun jama'a kuwa amana ce a hannunsa.

Akwai wasu hanyoyin. Manhajar Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, kyauta ce, tana hawa tsofaffin kwamfutoci, kuma masu aikin sa kai sun rubuta mata direbobin ɗaruruwan tsofaffin sikanoni a ƙarƙashin shirin SANE. Cikas ɗinta shi ne CorelDRAW, wadda ake zana katin biki da ita, ba a yin ta don Linux yanzu, don haka sai dai a raba aiki tsakanin kwamfutoci biyu. Akwai kuma VueScan, wadda ake sayarwa tun 1998, tana tayar da dubban sikanonin da kamfanoninsu suka yi watsi da su, amma da Dala ake biya. In kuwa wa'adi ya matso kuma kome ya ƙi, wayar hannu mai kyamara mai kyau tana iya ɗaukar takarda ta mai da ita PDF, ta manhajar Google Drive, a fitar da yaro kunya.

SAURA HUKUMA

Duk waɗannan dabaru ne na talaka, ba su ɗauke wa hukuma nata nauyin ba. A Turai, ƙungiyar kare masu saye ta Euroconsumers ta matsa wa Microsoft lamba, har a watan Satumba na 2025 ya yarda mutanen yankin su sami shekarar ƙarin wa'adin kyauta, ba tare da sharaɗin haɗa saitin kwamfutarsu da rumbunsa ba. Tun daga 20 ga Yuni 2025 kuma dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera wayoyin hannu su ci gaba da sabunta manhajarsu aƙalla shekara biyar bayan sun daina sayar da samfurin. Wanda ya yi magana shi ake ji.

Nijeriya tana da hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa tun 2001, da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, da SON mai duba ingancin kaya, da NESREA mai kula da sharar lantarki. Ba abu ne mai wuya ba a wajabta wa masu shigo da firinta da sikana su manna takarda a jikin kowane inji, mai nuna irin manhajar da yake aiki da ita. Tun da gwamnati ce ta mai da neman makaranta da neman aiki kan intanet, ya zama haƙƙi a kanta ta kula da ƙananan ƙofofin da talaka ke bi ya isa gare ta. Su ma masu shagunan, daga Agyaragu zuwa Lafiya da Doma da Obi, in sun haɗa kai suka tara direbobi wuri guda, suka horar da yara biyu ko uku kan Linux, ciwon ɗaya ba zai zama mutuwar sana'arsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin wannan ta samu, mai saye ya buɗe ido. Gumin shekaru ne ake ɗorawa a bayan motar doya a aika gida, bai kamata ya ƙare a ƙarƙashin tebur yana shan ƙura ba. Allah ya sa albarka a nema, ya kuma kai saƙo lafiya.